Jar giyar Italiya: maganar tsufa, maganar ɗanɗano da tatsuniyar "maganin zuciya" (zare)

1/ Kwana biyu ana ta yawo da magana uku a dandalin nan: wai "wayin" ba giya ba ce, wai duk wadda ta tsufa ta fi kyau, wai ja ɗin ma maganin zuciya ce. Kuma kullum hujjar ɗaya ce: "ai haka ake yi a Italiya." To mu je Italiyar. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Kafin wani ya ce me ya haɗa ka da barasa: kimiyyar abinci nake karanta, tsimuwar abinci darasi ne a wajenmu, daga nono da daddawa har ruwan inabi. Hukuncin addini kuwa malamai sun gama shi tuntuni. Ni da masu fakewa da kimiyya nake, don haka da kimiyyar zan ba su amsa.

3/ Mu fara da mai sauƙin: "ai wayin ne, ba giya ba." Malam, Barolo da kake ɗora hotonta, doka ta ce ƙarfin barasar cikinta kada ya gaza kashi 13 cikin 100. Amarone kuwa mafi ƙaranci kashi 14, kuma yawanci tana kai 15 zuwa 16. Giyar kwalba da kake rainawa a mashaya kusan kashi 5 ce.

4/ Ga lissafi. Kwalbar Amarone mililita 750, a kashi 15, tsantsar barasa mililita 112 ke nan da ɗan ɗoriya. Babbar kwalbar giya mililita 600 a kashi 5, mililita 30. Wato kwalba ɗaya ta mai suna da daɗin faɗi ta kusa kwalba huɗu ta wancan da kake kira mashayi. Kofi mai dogon wuya ba ya canza lissafin nan.

5/ Sinadarin ma ɗaya ne, etanol. Yis ya ci sukarin inabi ya fitar da shi, kamar yadda yake cin na sha'ir ko na dawa. Hanta ba ta karanta takardar jikin kwalba. Kuma ajiyar shekara ashirin a rufaffiyar kwalba ba ta rage barasar wani abin kirki. Yadda ta shiga haka za ta fito.

6/ Sai magana ta biyu, wadda har ta zama kirari a ƙarƙashin hotunan zagayowar ranar haihuwa: "kamar wayin, yana tsufa yana ƙara kyau." Su kansu manoman inabin Italiya dariya za su yi. Mafi yawan jar giyar da suke yi, an yi ta ne a shanye cikin 'yan shekaru kaɗan.

7/ Dolcetto, Bardolino, Lambrusco, Valpolicella ta yau da kullum, duk da ƙuruciyarsu ake son su. Akwai ma wadda suke kira novello, ana fitar da ita kasuwa a ƙarshen Oktoba, makonni bayan girbi. Ka ajiye irin waɗannan shekara 15, abin da za ka buɗe ruwa ne mai launin ƙasa da ƙamshinsa ya gudu.

8/ Waɗanda ke jure tsufa 'yan tsiraru ne, kuma dalilin ba sihiri. Abu biyu ne a gaba: tsami da bauri. Baurin nan da kake ji in ka tauna goro ko ka sha shayin da ya daɗe a wuta, bakinka ya bushe, harshe ya yi kaushi, sinadarin tanin ne. A ɓawon inabi da ƙwayarsa yake.

9/ Inabin da ya fi shahara da wannan shi ne Nebbiolo na yankin Piyamonte, arewa maso yamma. Ana danganta sunan da kalmarsu ta hazo, don sai cikin Oktoba ake cire shi, lokacin da hazo ke rufe tsaunukan Langhe. Launinsa bai da duhu, amma bauri da tsami kamar me. Da shi zalla ake Barolo da Barbaresco.

10/ Sabuwar Barolo ba ta shawuwa da daɗi ko a wajen masu sonta, tana kama baki. Shi ya sa doka ta hana sayar da ita sai ta yi wata 38, wata 18 daga ciki a gangar katako. Mai tambarin Riserva sai wata 62. Barbaresco wata 26, tara a katako. Ba ɗan kasuwa ne ke zaɓa ba, dole ce.

11/ Ka sauko Toskana, garin Montalcino. Can inabin Sangiovese ne, giyar Brunello. Ba a sayar da ita sai 1 ga Janairun shekara ta biyar bayan girbi, aƙalla shekara biyu a katako. A kudu akwai Aglianico na Taurasi, shekara uku. A Umbriya akwai Sagrantino na Montefalco, wanda ke cikin masu tanin mafi yawa a ƙasar.

12/ Amarone ta Beneto tata hanyar daban. Ana cire inabin, akasari Corvina, a shanya a rumbu mai iska wata uku zuwa huɗu, har ya rasa wajen kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa, ya kusa zama zabibi. Ruwa ya tafi, sukari ya taru, yis ya mayar da shi barasa. Can ƙarfin nan ya samo asali.

13/ Me ke faruwa a cikin kwalbar tsawon shekarun? Tanin da sinadaran launi suna haɗuwa da juna, wasu su kwanta a gindin kwalba kamar laka. Baurin ya lafa. Launi ya tashi daga ja mai duhu zuwa na jan bulo. Ƙamshin ɗanyen 'ya'yan itace ya koma na busasshen ganye, fata da ƙasa. Tsamin ne ke riƙe ta kada ta mutu da wuri.

14/ Amma tafiyar tana da ƙarshe. Tana hawa, ta tsaya na ɗan lokaci, ta gangaro. Iskar oksijin da ke ratsa toshiyar kwalba kaɗan-kaɗan ita ce ke gyara ta, kuma ita ce ke kashe ta daga baya. Babu giyar da ke ƙara kyau har abada. Wanda ya ce maka akwai, kwalba yake son sayar maka.

15/ Sannan sharaɗin ajiya: wuri mai duhu, sanyi wajen digiri 12 zuwa 14 wanda ba ya hawa da sauka, kwalba a kwance don toshiyar kada ta bushe. Yanzu ka tuna kwalbar da ta kwana a kwantena a tashar jirgin ruwa, ta zo ta tsaya a kanta a garin da Afrilu ke kai digiri 40. Wannan ba tsufa take ba, dahuwa take.

16/ Don haka mai yi mana alfahari da "tsohuwar wayin" da ya saya a shagon da janareta ke mutuwa sau uku a rana, ko a ma'aunin mutanen da yake kwaikwayo, asara ya yi. Ya sayi shekarar da aka rubuta a takarda, abin da ke ciki ya riga ya lalace.

17/ To maganar ɗanɗano fa? Nan ne ake cika mana baki. A juya kofi, a sunsuna, a lumshe ido, a ce ana jin fure da kwalta da taba. Ban ce duk ƙarya ba ce. Wanda ya ƙware zai iya raba Nebbiolo da Sangiovese ido rufe, kamar yadda tsohuwa ke raba daddawar kalwa da ta waken suya daga wari kawai.

18/ Amma ku ji iyakar abin. A 2001 a Jami'ar Bordo ta Faransa, Frédéric Brochet da abokan aikinsa sun ɗauki farar giya suka rina ta ja da launi marar wari, suka ba ɗalibai 54 masu karatun ilimin giya. Ɗaliban suka dinga siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Ido ya riga hanci yanke hukunci.

19/ A 2008 masu bincike a Kalifoniya sun sa mutane a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su giya ɗaya sau biyu. Sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 90. Suka ce ta 90 ta fi daɗi, kuma sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwarsu ya fi motsawa da gaske. Farashin suka sha.

20/ A shekarar dai, Robin Goldstein da abokansa sun tattara gwajin ɗanɗano ido rufe sama da 6,000. Mutanen da ba su da horo, in ba su ga farashi ba, ba su fi son mai tsada ba. Hasali ma sun ɗan fi karkata ga mai araha. Masu horo ne kaɗai suka ɗan nuna akasin haka.

21/ Shi wannan Goldstein ɗin ya yi wata tsiya da nake so. Ya ƙirƙiri gidan abinci na bogi a Milan, Osteria L'Intrepido, da shafin intanet da lambar waya. Ya biya dala 250, ya tura jerin giya ga mujallar Wine Spectator, cikin na musamman ɗin har da waɗanda mujallar da kanta ta taɓa kushewa. Suka ba shi lambar yabo. Gidan da babu shi!

22/ A Oktoban 2020 'yan sandan kuɗi na Italiya sun kama masu haɗa jabun Sassicaia, ɗaya daga cikin giya mafi tsada a ƙasar. Ruwan daga Sisili, kwalabe daga Turkiyya, takardu da akwatuna daga Bulgeriya. Kuma akwai masu oda. In harshe ne ke sayen kayan nan, da wannan sana'a ba ta ci ba.

23/ Ita Sassicaia ɗin ma darasi ce. Ta fara shiga kasuwa da girbin 1968, da inabin Cabernet na asalin Faransa, wanda dokar yankin ba ta san da shi ba. Sai aka yi mata rajista a aji mafi ƙasƙanci, giyar tebur. Haka Tignanello, wadda ta bar dokar Chianti saboda a lokacin dole ne a gauraya farin inabi.

24/ Waɗannan "marasa aji" suka fi masu tambari tsada. Girbin 1985 na Sassicaia ya samu maki 100 daga Robert Parker na Amurka. Daga ƙarshe dokar ce ta bi su: 1992 aka ƙirƙiro sabon aji na IGT, kuma daga 2006 aka hana farin inabi a Chianti Classico gaba ɗaya. Tambari na bin kuɗi, jama'a.

25/ Ko su masu Barolo ba su yarda da juna kan yadda ya kamata ta kasance ba. A shekarun 1980 matasa suka kawo ƙananan gangunan Faransa masu lita 225, dattawa suka tsaya kan manyan gangunan gado. Elio Altare ya sa zarton inji ya datse gangunan mahaifinsa, uban ya cire shi daga gado. Kai kuma daga nan ka yanke hukuncin "asalin ɗanɗano"?

26/ Wani zai ce to ai duk damfara ce ke nan. A'a. Akwai aiki na gaske. Dokar DOC ta 1963, sai DOCG a 1980 da Barolo da Brunello ke cikin na farko. An ƙayyade ƙauyuka 11 kacal da za su iya yin Barolo, an ƙayyade tan 8 na inabi a hekta. Ka wuce, ka rasa sunan.

27/ Kuma tsaurin nan ba daga tsoron Allah ya zo ba, daga gawa ya zo. A Maris 1986 wani kamfani a Narzole, ƙauyen da ke dab da Barolo, ya zuba metanol a giya mai araha don ƙara mata ƙarfi. Kusan mutum 20 suka mutu, wasu suka makance. Kasuwar waje ta rufe musu ƙofa. Daga nan aka ɗaure bincike.

28/ Duk da haka a 2008 masu gabatar da ƙara a Siyena suka buɗe bincike kan zargin ana cusa wasu nau'in inabi a Brunello, wadda doka ta ce Sangiovese zalla. Wasu masana sun daɗe suna tsegumi cewa launin ya yi duhu da yawa. Aka tsare kaya, Amurka ta yi barazanar hana shigowa. Manoman suka kaɗa ƙuri'a suka bar dokar yadda take.

29/ Abin lura: duk wannan doka tana ba ka tabbacin daga ina inabin ya fito, wane iri ne, wata nawa ya yi a ganga. Babu layi ɗaya a cikinta da ya ce abin yana da amfani ga jikinka. Wannan ya kawo mu magana ta uku, wadda ita ce ta sa na rubuta zaren, don ita ce ke iya kai mutum asibiti.

30/ "Kofi ɗaya na ja a rana yana gyara zuciya." Tushen maganar a bainar jama'a shirin talabijin ne na Amurka, 60 Minutes, a Nuwamban 1991. Aka ce Faransawa na cin maiƙo amma ciwon zuciyarsu kaɗan ne, wataƙila saboda jar giya. Cinikin ja ya yi tsalle a Amurka. Masu sayarwa ba su sake sakin maganar ba.

31/ Sai aka samo jarumi, sinadarin resberatrol da ke ɓawon inabi. An gwada shi a ɓeraye, an ga wani abu. Amma adadin da aka ba ɓerayen, kafin mutum ya same shi daga giya sai ya sha ɗaruruwan kofuna a rana. Hantarsa za ta yi sallama tun kafin zuciyar ta ce na gode.

32/ Kuma an je har gida an duba. Binciken InCHIANTI ya bi dattawa 783 masu shekara 65 zuwa sama a yankin Chianti kansa, tsawon shekara tara, ana auna resberatrol a fitsarinsu. Sakamakon da aka buga a 2014: masu yawa da masu kaɗan, babu bambanci a mutuwa, ciwon zuciya ko kansa. A tsakiyar gonakin Sangiovese fa.

33/ To ina tsoffin binciken da suka nuna masu sha kaɗan sun fi marasa sha lafiya? Ga inda gizo ke saƙar. Cikin "marasa sha" an cusa waɗanda suka daina saboda ciwo ya kama su. Kuma mai iya sayen Brunello yawanci mai kuɗi ne, da likita da abinci mai kyau. Arzikinsa ake aunawa, ana yaba wa kofinsa.

34/ A 2023 wani nazari ya haɗa bincike 107, ya gyara irin wannan kuskure, sai amfanin da ake yayatawa ya ɓace. A Janairun shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu adadin barasa da za a kira marar haɗari ga lafiya. Ba ta ware ja ba, ba ta ware mai tsada ba.

35/ Tun 1988 cibiyar binciken kansa ta hukumar ta sa barasa a rukuni na ɗaya na masu jawo kansa, rukunin taba da asbestos. Aƙalla iri bakwai, ciki har da na mama, hanji, hanta da maƙogwaro. Jiki na mayar da etanol zuwa asetaldehaid, shi kuma yana lalata ƙwayar halitta. Ko daga Barolo ya zo ko daga burkutu.

36/ Da Ayilan ta sa hannu a 2023 kan dokar rubuta gargaɗin kansa a jikin kwalba, wa ya fi kowa ihu? Gwamnatin Italiya da ƙungiyar manomanta, Coldiretti. Ban ga laifinsu ba, abincinsu suke karewa, suna cikin manyan masu fitar da giya a duniya. Kai da ba ka da ko kurangar inabi ɗaya, me kake karewa?

37/ In resberatrol ɗin kake so da gaske, yana cikin inabin da ake ci, yana cikin gyaɗa. Gyaɗa fa, wadda ake tallarta a bakin makaranta. Ba wanda ke ɗora hoton gyaɗa da taken "don lafiyar zuciya", saboda ba zuciyar ake nema ba, a ce kai wayayye ne ake nema.

38/ Ga wani abu kuma da ba ya fitowa a hoton. Tsaunukan Langhe suna jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2014, hekta ɗaya a gonakin Barolo masu suna ta haura Yuro miliyan 1 nesa ba kusa ba. Gangare ne, da hannu ake yankan inabin. Hannun wa? Da yawa baƙin haure ne, daga gabashin Turai da kuma Afirka.

39/ Italiya ta yi doka mai lamba 199 a 2016 don hukunta 'yan kwangilar da ke bautar da leburorin gona. Duk da haka a 2024 jami'an tsaro a yankin Alba, cibiyar Barolo da Barbaresco, sun kama wasu kan zargin zaluntar baƙi a gonakin inabi. Ba duk manoma ba, amma abin na nan, kuma masu kama da mu ne a ƙasa.

40/ Abin da ya kamata a ɗauka daga Italiya, in ana son ɗauka, shi ne yadda ƙauyuka 11 suka zauna suka rubuta wa amfanin gonarsu ƙa'ida, suka hana kowa aron sunan, suka hukunta nasu in ya yi algus. Wannan ilimi ne, kuma ba sai ka kai kofi baki za ka koye shi ba.

41/ Masu ce min "kowa da ra'ayinsa": na ji. Musulmi ya san hukuncinsa, wanda ba Musulmi ba ya san lissafinsa, ni ban riƙe hannun kowa ba. Amma kashi 15 ba ra'ayi ba ne. Rukuni na ɗaya ba ra'ayi ba ne. Ka yi abin da za ka yi da sunansa na gaskiya, ka daina koya wa ƙannenmu cewa magani ne.

42/ Wanda ke da hujja ya sauko da ita ƙasan nan, sunan binciken da shekararsa, mu karanta tare. Hoton kofi a gefen tafkin otal ba hujja ba ne. Sauran kuma ku tura wa ɗan uwan nan naku da ke cewa "likita ne ya ce", ku tambaye shi wane likita, a wane asibiti. Na gama, ina da jarrabawa gobe.